Foldar Tela

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe 8:20 na safe

Ta sake yi.

Saboda ita na sayi wannan littafin, don in riƙa rubuta abin da take yi da ranarsa da lokacinsa. Ranar da za mu tsaya gaban Manaja kada a ce tsoho ne ya cika mita. Shekara ashirin da uku ke nan ina ɗakin ajiyar bayanan marasa lafiya na ɗan asibitin nan. Ni na sauke fayil-fayil na takarda daga kan kanta na zuba su cikin kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, lokacin ita ko sakandare ba ta gama ba. Yau wata biyar da aka kawo ta aka raba mana aikin: ni daga safe zuwa ƙarfe biyu, ita daga biyu zuwa a tashi. Tebur ɗaya, kujera ɗaya, kwamfuta ɗaya. Ta Yamma nake ce mata, a nan da gida.

Aikin ba shi da wuya in an bar mutum da tsarinsa. Taga biyu nake buɗewa a kan allo, in jera su kafaɗa da kafaɗa. Ta hagu nan ne sakamako ke shigowa daga ɗakin gwaji. Ta dama kuma foldodin marasa lafiya ne, kowa da lambarsa. In kama sakamako da maus, in ja shi, in sake shi cikin foldar mai shi. Ni manyan hotuna nake sa wa, kowace folda kamar tafin hannu, lambarta a ƙasa ɓaro-ɓaro. Haka mai hankali yake aiki.

Ita kuwa da ta zauna sai ta mayar da komai jeri. Layi bisa layi, siririn rubutu kamar tururuwa sun bi allo, ga lamba, ga kwanan wata, ga kaza ga kaza. Ta tashi ta bar mini shi haka. Yau minti ashirin na ɓata kafin in mayar da abina yadda na san shi.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe 2:15 na rana

Na yi mata magana da ta zo karɓar aiki. Na ce, "Yarinya, in kin gama ki riƙa mayar da kwamfutar yadda kika same ta."

Ta rataye jakarta ba tare da ta juyo ba. Ta ce, "Baba, danna biyu ne fa. Ka danna dama, ka zaɓi manya."

Na ce ni za ki koya wa danna?

Ta ce, "A jeri folda arba'in nake gani lokaci guda. A naka shida nake gani, in yi ta gangarawa kamar mai jan guga."

Mai shara tana bakin ƙofa, ta ƙunshe dariya. Na ji ta. Sai ita Ta Yamma ta juyo ta tsaya tana kallona, irin kallon nan nata da ba na so, ta rage murya ta ce, "Ko akwai wani dalili ne, Baba?"

Na ce dalilin shi ne na girme ki.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe 5 na yamma

Jeri kuma. Har da taga bakwai a buɗe, wata kan wata, kamar wanki a kan gado.

Maman yara ta sake tambaya yaushe zan kai babur gyara. Wata biyu ke nan yana jingine a tsakar gida. Na ce kayan gyaransa ba su shigo ba. Motar haya ta fi mini kwanciyar hankali, ban ga abin tambaya a nan ba.

An rage hasken ƙwan ɗakin aikinmu. Manaja ya rantse ba a canza shi ba. To, ni ne maƙaryacin.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe 2:40 na rana

Yau ta kai ni bango.

Na makara, motar da na tsayar ba ta hanyarmu ba ce, sai da muka yi nisa na gane. Na iso na tarar da layi har waje, Likita yana leƙowa yana buga agogon hannunsa da yatsa. Na kunna kwamfuta, ga jeri, ga tagar dama ta matse ta ta koma 'yar mitsitsiya a lungu. Kibiyar maus ta ɓace mini. Na yi ta kewaya hannu a kan tebur, ba ta nan, ba ta can. Na danna dama, wani abu daban ya buɗe. Likita ya aiko nas sau biyu.

Sai na ce to, a yi shi a jerin. Ai ba ita kaɗai ta iya ba. Na yi aiki a haka har wajen sha ɗaya kafin layin ya lafa in gyara. Sakamako talatin da wani abu na ja. Kaina kamar zai tsage.

Tela ya zo da safe a ɗauki jininsa, ya leƙo ta ɗan tagar karɓar kati ya ce, "Malam, wandon da na rage maka bara yana nan, ko cikin ya cinye shi?" Dattijo ne, bakinsa ba ya hutawa. Na ce ya dawo da yamma ya ga Likita.

Ban yi mata magana ba da ta zo. Na ɗauki hulata na fita.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe 8:05 na safe

Jeri.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe 8:10 na safe

Jeri. Na canza biro, wancan ba ya kama takarda. Wannan mai kaurin baki ya fi.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe 12:30 na rana

An kawo tela a bayan mota, ba ya magana. 'Yarsa ce ta kawo shi, babbar mace, malamar makaranta aka ce. A shago aka same shi kife a kan keken ɗinki. Likita bai riƙe shi ba, ya ɗaura masa ruwa aka wuce da shi babban asibiti.

Ba ruwan ɗakinmu da wannan. Mutum ya tsufa.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe 11 na safe

Likita ya shigo ɗakinmu da kansa, abin da bai yi ba cikin shekara uku. Yana riƙe da takardar sakamakon tela. Ya ce, "Malam, karanta mini lambar da ke ƙasan nan."

Na ce hannuna da tawada, ya karanta da kansa.

Ya ce, "Biyar, sifili, uku, takwas. Lambar tela nawa ce?"

Wannan ba sai na duba ba. Biyar, sifili, uku, tara.

Ya sake duba lambar. Ya ninke takardar ya sa a aljihu. Daga baya nas ta gaya mini a tsaye cewa sakamakon wata mata ce, ita tun ranar take zuwa ana ce mata nata bai fito ba. Shi kuma tela kwana biyar yana shan maganin da ba nasa ba.

Ta Yamma ce ta buga takardar. Da yamma tela ya dawo, lokacinta ne. Ita ta buɗe foldar, ita ta buga, ita ta kai wa Likita. Mai ido arba'in lokaci guda ba ta ga lamba huɗu ba. Na rubuta wannan don kada a manta.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe 3:30 na yamma

An yi zama a ofishin Manaja. Ni, ita, Likita.

Manaja ya fara da ni, saboda girma. Na faɗi abin da na sani: cewa kullum sai ta birkita tsarin kwamfutar, cewa na yi magana har na gaji, cewa ita ta buga takardar. Na buɗe littafin nan na nuna masa ranakun. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, a je a tambayi mai shara.

Da aka zo kanta ba ta yi kuka ba, ni na ɗauka za ta yi. Ta ce, "Na buga ban duba lambar ƙasa ba, wannan nawa ne. Amma na tarar da shi cikin foldar tela. Ba ni na sa shi ba. In aka buɗe jeri akwai layin da ke nuna lokacin da aka saka abu na ƙarshe a kowace folda. A duba, a ga ko safe ne ko yamma."

Manaja bai san komai a kwamfuta ba in ba kallon ƙwallo ba. Ya ce, "Ba ke za ki nuna mini ba, ba shi ba. Zan kira mai gyara daga waje. Kafin nan kada wanda ya taɓa foldar nan."

Sannan ya ce da ita ta zauna a gida tukuna. Wata biyar da shekara ashirin da uku ba ɗaya ba ne, in ji shi, ba in ji ni ba.

Da za ta fita ta tsaya kusa da kujerata. Ta ce, "Baba, ba ka da abin da za ka ƙara?"

Na ce na gama.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe 8 na safe

Manyan hotuna, yadda na bar su. Kowace folda a wurinta. Shiru.

Ƙarfe 4:45 na yamma

Aikin duka ya dawo kaina har a tashi. Daga ƙarfe uku allon ya fara yin hazo. Tsohuwar kwamfuta ce, na sha faɗa.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe 10 na safe

Maƙwabcinmu mai kanti ya kai ƙarata wajen maman yara, wai sau biyu yana ɗaga mini hannu a titi ina wuce shi kamar ban san shi ba. Mutane ba su da aikin yi. In yana son gaisuwa ba shi da baki ne?

Ta zuba mini shayi, ta ja kofin ta sa a hannuna maimakon ta ajiye a tebur. Na ce yaushe aka fara haka? Ta ce, "An daɗe, Malam."

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe 9:30 na safe

'Yar telan tana kan bencin da ke fuskantar tagata. Tun bakwai da rabi. Ba kati ta zo yanka ba, Manaja take jira, shi kuma ya bi ta ƙofar baya. Ta ce wa nas ba faɗa ta zo yi ba, so take kawai a gaya mata yadda aka yi.

An ce telan ya buɗe ido. Bai gane ta ba.

Ta Yamma tana gida tana hutawa, ni aka bari da wannan.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe 1 na rana

Mai gyara zai zo ranar Litinin mai zuwa.

Ina wucewa ta bakin ƙofa na ji mai gadi yana ce wa direba, "Ai bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne." Na juyo na ce da wa kake? Ya ce, "Wallahi Malam maganar ƙwallo muke." Na wanke shi tas a gaban mutane. Ya yi ta ba ni haƙuri bai san laifinsa ba.

'Yar telan tana kan bencin.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe 2:30 na rana

Na sa sakata a ƙofa, na mayar da tagar dama jeri da hannuna. Karo na farko da na yi haka da kaina. Na gangara har inda nake zaton foldar take. Ga layin lokacin a gefe. Na matso, na ja baya, na goge allon da bakin rigata, na rufe ido ɗaya, na rufe ɗayan.

Tururuwa.

Na ɗauki hoton allon da wayata, na mayar da komai yadda yake.

Ƙarfe 5:40 na yamma

Na miƙa wa maman yara wayar, na ce ta faɗaɗa hoton ta nemo mini layin da ya ƙare da uku da tara. Ta sa tabarau ta nemo. Na ce karanta abin da ke gefensa.

Ta ce, "Shida ga wata. Goma da minti arba'in da biyu."

Na ce duba dai da kyau.

Ta ce, "Goma da arba'in da biyu na safe. Mene ne wannan?"

Na ce aikin ofis ne.

Ta ajiye wayar a cinyarta. Ta ce, "Malam, tun bara nake karanta maka takardar wuta da ta magani da saƙon yaranka. Ban taɓa tambayarka ba, don na san halinka. Yau ina tambaya. Wannan lokacin na waye?"

Na ce kin fara zama irinta.

Na fita na zauna kusa da babur har aka kira ni cin abinci. Ban ci ba.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe 10:15 na safe

Da ta mayar da shi yadda ta same shi. Da ta ji magana tun ranar Talata. Da ba ta matse tagar ba. Danna biyu ne, in ji ta. To me ya hana ta ta danna?

Danna biyu.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe 12 na rana

Zan rubuta wannan sau ɗaya, ba zan sake karanta shi ba.

Na san abin da ita ta sani. In aka jefa wani abu cikin folda aka cire, lokacin da ke gefenta yakan koma na yau. Na goma da arba'in da biyu ya tafi ke nan. In mai gyara ya tambaya, sai in ce hannu ne ya kuskure.

Na buɗe tagogina biyu, manya, yadda na saba. Ga foldar tela kamar tafin hannu, wannan kam ina ganinta. Na kama wani fayil da ba komai a cikinsa, na ja shi, na tsallaka da shi daga hagu zuwa dama. Foldar ta yi haske tana jira. Ɗaga yatsa kawai ya rage.

Sai aka ƙwanƙwasa gilashin tagata. 'Yar telan ce. Ta ce, "Baba, yi haƙuri. Kai ne ka daɗe a nan, Babanmu yana yawan ambatonka. Wadda aka ce ta yi kuskuren, yarinya ce ko babba?"

Na ce babba ce, tana da yara biyu.

Ta ce, "Allah sarki. Ina ta tunanin yadda take kwana." Ta koma ta zauna.

Yatsana ya yi tsami a kan maus. Na ja fayil ɗin na mayar da shi inda na ɗauko shi.

Ba don ita Ta Yamma na fasa ba. A san wannan.

Asabar, 22 ga wata

Ba komai.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe 4 na yamma

Maman yara ta goge mini farar rigata ta rataye a ƙofa. Ban ce ta goge ba. Yau kwana huɗu ba ta yi mini wata magana da ta wuce "ga abinci" ba.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe 9:10 na safe

Na riga mai gyara shiga ofishin Manaja da minti ashirin.

Na faɗa. Ban tsawaita ba. Na ce ni na ja sakamakon, layi ɗaya na sauka ƙasa. Ya ce ta yaya mutum kamarka? Na ce ya rubuta wani abu a takarda ya ɗaga daga inda yake zaune. Ya rubuta ya ɗaga. Ko harafi ɗaya ban iya karantawa ba.

Ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce shekara ɗaya da rabi. Watakila biyu.

Ya dafe kai. Ya ce, "Kuma ka zauna a nan ka bar ni na kori baiwar Allah?"

Na ce ba korarta ka yi ba, cewa ka yi ta huta. Ya kalle ni, ko dai ina jin ya kalle ni.

Mai gyara ya zo duk da haka. Ko zama bai yi ba, danna biyu ya yi ya karanta lokacin da ƙarfi.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe 2:30 na rana

Ta dawo. Manaja ya ce in miƙa mata makullai da kaina.

Na shirya abin da zan faɗa tun a mota. Na fara, "Yarinya, abin da ya faru..." Ta ɗaga hannu.

Ta ce, "Kwana goma sha ɗaya, Baba. Surukata ta ce mini mai kashe mutane. Ɗana ya dawo daga makaranta yana tambayata ko za a kama ni. Kai kuma sai da ka ji takun mai gyara a bakin ƙofa sannan bakinka ya buɗe."

Na ce da na so ɓoyewa da na ɓoye, akwai hanya.

Ta ce, "Na san hanyar. Kullum ina gida ina jiran in ji ka bi ta. To ba ka bi ba, sai in yi maka godiya?"

Na ajiye mata makullan a kan tebur.

Ta zauna a kujerar, ta ja maus. Ta ce, "Tun satin da na zo na gane ba ka gani. Hancinka har taɓa allo yake. Na kasa kai ka wajen Manaja, sa'an mahaifina ne kai. Sai na ce bari in riƙa bar maka shi a jeri, ka gaji ka faɗa da bakinka. Da gangan nake yi." Ta juyo ta dube ni. "Da na kai ƙararka, da tela yana kan kekensa. Wannan nawa ne, zan ɗauka. Naka kuma kada ka kawo mini."

Ashe da gangan ne. Na faɗa tun farko, ba wanda ya yarda.

Na rubuta wannan layin na sama, na daɗe ina kallonsa. Bai yi mini daɗin da na zata ba.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe 8:40 na safe

Ba ni da aiki daga yau, sai abin da hukumar asibiti ta yanke. Amma na je. Na zauna a bencin kusa da 'yar telan, na gaya mata. Na ce ba matar nan ba ce, ni ne, kuma ga dalili.

Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, "Ranar Juma'a da na tambaye ka, ka sani?"

Na ce na sani.

Ta tattara jakarta ta miƙe. Ta ce, "Ya fara gane mu. Hannun dama ne ba ya ɗagawa. Jiya ya tambayi wa ya rufe masa shago." Ta tsaya kamar za ta ƙara wani abu, sai ta ce, "Abin da na zo ji ke nan. Na ji."

Na ce ko zan iya zuwa in duba shi?

Ta ce, "A'a."

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe 3 na yamma

Asibitin ido. Maman yara ta riƙe mini hannu a matakala, na fizge, na yi tuntuɓe, na bar mata.

Likitar yarinya ce ita ma. Ta ce na dama ya yi nisa, na hagu za a iya ceto shi in an yi aiki da wuri. Ta ce, "Baba, da ka zo bara." Kowa da abin da zai koya mini.

Talata, 9 ga sabon wata, ƙarfe 11 na safe

Ni ce matarsa nake rubuta wannan. An yi masa aiki jiya, idon a rufe yake da bandeji, an hana shi karatu da rubutu. Tun safe yake damuna in ɗauko littafin, to ga shi na ɗauko.

Ya ce in rubuta cewa gadon asibitin nan gajere ne kuma nas ɗin safe ba ta iya gaisuwa ba. Na rubuta.

Muna cikin haka wayarsa ta yi ƙara. Na duba na ce masa abokiyar aikinka ce. Ya ce ba ya nan. Na ɗauka na sa masa a kunne.

Ina jin muryarta. Ta ce ana neman bayanan wani mara lafiya na shekara goma sha biyu da suka wuce, ta buɗe ko'ina ba ta gani ba. Sai ga Malam ya gyara zama kamar ba shi ne ke nishi ɗazu ba. Ya ce, "Rufe duk tagogin nan da kika tara. Buɗe guda ɗaya. Shiga Tsofaffi. Kin shiga? Akwai wata na sa mata suna Kanta Ta Uku. A'a, ba Ta Biyu ba. Cikinta akwai Waɗanda Ruwa Ya Taɓa. Gangara ƙasa."

Na ji tana danne-danne. Sannan ta ce, "Na gani." Ta kashe.

Ya ce, "Ko sannu da jiki." Ya faɗa ya kai sau huɗu. Ya ce in rubuta cewa ba ta da tarbiyya. Na ce ba zan rubuta ba. Ya ce littafinsa ne. To, na rubuta, ga shi nan, Allah ya ga ba da son raina ba.

Na miƙe zan mayar da wayar cikin jaka. Ya lalubo hannuna ya ce in bar ta nan kusa da matashinsa, in ƙara mata ƙara. Wai akwai foldodi da yawa da ba za ta gane sunayensu ba.